Ranar da Na Fassara Vasanta da Bazara

Ina gabatar da shirin safe a wani gidan rediyo a Damagaram, kuma kowace Laraba mukan ware minti 15 don zancen lafiyar jiki. Shekara biyu ke nan, cikin watan Afrilu, baƙon da muka gayyata ya aiko da uzuri ana saura kaɗan mu shiga. Lokacin rediyo kuwa ba ya jiran kowa. Sai na jawo wani rubutu na Faransanci da na taɓa ajiyewa a wayata, mai bayani kan yadda masu yoga ke sauya atisayensu idan lokacin da muka koya a lakwal da sunan printemps ya shigo, bisa ƙa'idojin likitancin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda. Ina karantawa ina fassarawa kai tsaye. Duk inda na ci karo da printemps sai in ce bazara, don haka muka saba fassara shi.

Na gaya wa jama'a cewa idan bazara ta shigo, mutum ya motsa jiki da ƙarfi har gumi ya karyo masa, ya yi numfashi mai sauri da ke ɗumama jiki, ya yawaita citta da masoro, ya rage abin sha mai sanyi da mai zaƙi, ya kuma bar barcin rana. Na faɗi wannan a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Laraba ta zagayo, sai wani saurayi mai sayar da kayan waya a kasuwa ya kira. Ya ce, "Malam, na fa bi maganarka. Na bar fura, na bar ƙailula, ina tsalle-tsalle a tsakar gida da hantsi. Kwana uku jiri ya kwashe ni, sai da aka yi mini ƙarin ruwa." Yana faɗi yana dariya. Ni kuwa bakina ya bushe. Na ba shi haƙuri, muka yi masa addu'a, na sa kiɗa. Daga wannan rana na shiga neman asalin waɗannan shawarwari, da wanda ya fara ba da su, da irin ƙasar da aka ba da su dominta. Abin da na samu shi ne nake son in raba da mai karatu.

Shekarar da ke da lokuta 6

Kalmar Ayurveda daga harshen Sanskrit take, ma'anarta ilimin rayuwa ko ilimin tsawon rai. Manyan littattafanta 3 ne. Akwai Caraka Samhita, wanda ya kai kusan shekara 2,000, kuma wani malami mai suna Dridhabala ya cike ɓangarorinsa da suka ɓata bayan wasu ƙarnuka. Akwai Sushruta Samhita, wanda ya yi suna kan aikin fiɗa. Sai Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wanda aka rubuta wajajen ƙarni na 7, ya taƙaita na gabansa cikin baitoci don sauƙin hadda.

Waɗannan littattafai sun raba shekara gida 6, kowane gida wata 2. Shishira ƙarshen sanyi ne, daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris. Vasanta, wanda mutanen arewacin Indiya ke kira Basant, yana biye zuwa tsakiyar Mayu. Daga nan sai Grishma, lokacin zafi mai tsanani, sai Varsha na ruwan sama, sai Sharad bayan ɗaukewar ruwa, sai Hemanta farkon sanyi. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya kamar ni ya san Vasanta ko da bai san sunansa ba. Bikin Holi da muke gani ana watsa wa juna garin launi, kamar a fim ɗin Sholay na 1975, shi ne bikin shigowarsa. Lokaci ne da mangwaro ke fure, sanyi ya saki, zafi kuma bai riga ya kama ba.

Tsarin yadda mutum zai zauna da kowane lokaci shi suke kira ritucharya. Caraka ya ware masa babi na 6 a sashen farko na littafinsa, Vagbhata kuma babi na 3.

Me ya sa Vasanta ke buƙatar motsa jiki?

A fahimtarsu, abubuwa 3 ke riƙe da jiki, kuma su ne ke kawo cuta idan suka fita daga ma'auninsu. Vata yana da ɗabi'ar iska: bushewa, sanyi da motsi. Pitta yana da ɗabi'ar wuta, kuma ana danganta shi da ruwan matsarmama. Kapha yana da nauyi, sanyi, danshi da yauƙi, kuma abin da ya fi kusa da shi a harshenmu shi ne majina ko kaki.

Ga yadda suka lissafa abin. A watannin sanyi mutum yana cin abinci mai nauyi da maiƙo, yana kuma yawan kwanciya, don haka kapha ke taruwa a jikinsa ya daskare kamar man shanu a ƙwarya lokacin ɗari. Da rana ta fara ƙarfi a Vasanta sai ya narke ya malale, ya danne wutar cikin da ke narkar da abinci, wadda suke kira agni. Daga nan sai mura, tari, kasala da rashin jin daɗin abinci. Maganin kuwa shi ne kishiyar cutar: abu mara nauyi, busasshe, mai ɗumi.

Saboda haka suka ce a Vasanta a ci tsohon sha'ir da alkama, a sha zuma, a ci gasasshen naman dabbar daji, a sha ruwan da aka tafasa da busasshiyar citta. A guji abinci mai nauyi, mai maiƙo, mai tsami da mai zaƙi. A bar barcin rana. A goge jiki da busasshen garin magani, abin da suke kira udvartana, wanda ya yi kama da dilkar da matanmu suka sani. A kurkure baki, a shaƙi magani ta hanci, wanda kuma majina ta yi wa yawa likita ya ba shi maganin amai. A cikin jerin nan ne motsa jiki ya fito, da sunan vyayama.

Ko a nan ma sun sa iyaka. Vagbhata ya ce mai ƙarfi, wanda ke cin abinci mai maiƙo, ya motsa jiki zuwa rabin ƙarfinsa a lokacin sanyi da Vasanta, a sauran lokuta kuwa ya yi ƙasa da haka. Sushruta ya ba da alamar rabin ƙarfi: idan numfashi ya taso daga ƙirji har mutum ya fara haki da baki, to ya kai, sai ya tsaya. Vagbhata ya kuma yi magana kan mahaɗar lokuta, kwana 7 na ƙarshen wanda ke fita da kwana 7 na farkon wanda ke shigowa. Ya ce a cikinsu ne ake sakin tsohon tsari a hankali ana kama sabo, don sauyi na farat ɗaya shi kansa cuta yake kawowa.

Da na juya shafi zuwa Grishma sai na ga laifina baƙi da fari. A lokacin zafi littattafan sun ce a guji motsa jiki mai wahala, a guji yaji da gishiri da tsami, a guji rana. A sha abu mai sanyi, mai ruwa-ruwa, mai ɗan zaƙi, kamar damammen garin hatsi da suke kira mantha. Barcin rana da suka hana a Vasanta, a Grishma sun halatta shi. Wato furar da saurayin nan ya bari da ƙailular da ya bari, su ne ainihin abin da Caraka zai umarce shi da su a watan Afrilun Damagaram.

Yoga fa, ina ya shigo?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a cikin babukan ritucharya babu zancen tsayuwa da ƙafa ɗaya ko lanƙwasa baya. Vyayama na nufin aikin ƙarfi kowane iri ne. Caraka ya ambaci yoga a wani wuri dabam, a matsayin tarbiyyar zuciya da hanyar kuɓuta daga wahalar duniya.

Haka yake a littafin Yoga Sutra na Patanjali, wanda aka haɗa wajajen shekara ta 400. Cikin gajerun jimlolinsa 195 ko 196, guda 3 kacal ne suka yi magana kan asana, wato yanayin zama, kuma abin da ake nema shi ne zama mai natsuwa da mutum zai jure ya tattara hankalinsa. Wannan littafi ne Abu Raihan al-Biruni ya fassara zuwa Larabci a ƙarni na 11, shi da ya rubuta babban littafinsa kan Indiya wajajen 1030. Tun kafin shi ma, a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan likitancin Indiya, kuma Ali ibn Rabban al-Tabari ya taƙaita koyarwar Caraka da Sushruta da Vagbhata a ƙarshen littafinsa Firdausul Hikma wajajen shekara ta 850. Ashe ilimin nan ya daɗe da shiga hannun malaman Musulunci.

Yogan da ya mai da hankali kan jiki, wanda ake kira hatha, ya bunƙasa ne daga baya. A ƙarni na 15 Svatmarama ya rubuta Hatha Yoga Pradipika, inda ya bayyana asana 15. A nan harshen Ayurveda ya bayyana sosai, domin yakan ce kaza na maganin vata, kaza na busar da kapha. Ya kawo ayyukan tsarkake jiki guda 6, ya ce wanda ƙiba ko majina ta yi wa yawa shi ne zai fara da su kafin ya shiga horon numfashi, wanda kuwa jikinsa ke daidai ba ya buƙatarsu. Cikinsu akwai neti, zura zare ta hanci a fitar ta baki, da dhauti, haɗiye doguwar tsumma a zaro ta, da kapalabhati, fitar da numfashi da sauri wanda ya kwatanta da zugazugin maƙeri. Wannan na ƙarshen shi ne numfashin da na tallata wa masu saurarona.

Littafin da ya haɗa yoga da lokutan shekara a fili shi ne Gheranda Samhita, na wajajen shekara ta 1700, mai asana 32. A babinsa na 5 ya ce mai son fara yoga ya fara a Vasanta ko a Sharad, wanda ya fara a cikin sanyi, ko zafi, ko ruwan sama, cuta zai jawo wa kansa. Dalilin a bayyane yake: waɗannan biyun su ne lokutan da yanayi ke tsaka-tsaki. Sai dai ko shi bai ba da jerin asana na musamman don Vasanta ba. Lokacin farawa kawai ya faɗa.

Daga Maisur zuwa Amurka

To daga ina aka samo jerin motsin da ake sayar wa duniya yau da sunan yogan Vasanta? Amsar tana cikin ƙarni na 20.

A ƙarƙashin mulkin Ingila, Ayurveda ta ja baya a idon hukuma. A 1835 aka rufe makarantar Kalkata da ke koyar da likitancin gargajiya, aka buɗe kwalejin likitancin Turai a madadinta. Da guguwar neman 'yanci ta taso, 'yan kishin ƙasa suka koma ga abin gida, suna son su nuna cewa Indiya ma tana da nata ilimin lafiya da nata hanyar gina jiki. A 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla, yana auna tasirin asana da numfashi da kayan awon asibiti. A 1928 sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh, Bhawanrao Pant Pratinidhi, ya fitar da littafi kan surya namaskar, jerin sunkuyo da miƙewa da ake kira gaisuwar rana, wanda ya sa aka riƙa yi a makarantun ƙasarsa. A 1933 kuma Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989, ya fara koyarwa a makarantar yoga ta fadar Maisur. Shi malamin yoga ne kuma masanin Ayurveda, kuma daga hannunsa ne Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi suka fito, waɗanda suka kai yogan motsa jiki Turai da Amurka.

Ayurveda ta bi bayan yoga zuwa can a shekarun 1980. Vasant Lad ya kafa cibiyarsa a jihar New Mexico a 1984. David Frawley ya fitar da littafin da ya haɗa yoga da Ayurveda a 1999, sannan a 2001 shi da Sandra Summerfield Kozak suka fitar da wani da ke rarraba asana bisa vata, pitta da kapha. A irin waɗannan rubuce-rubuce ne aka ɗauki tsohuwar dokar Vasanta ta vyayama aka cika ta da sabbin motsin yoga: maimaita gaisuwar rana da sauri, tsayuwa mai sa gumi, lanƙwasa baya don buɗe ƙirji, murɗa kugu, da numfashin zugazugi. Aka kuma matse lokuta 6 na Indiya suka koma cikin 4 na Turai, Vasanta ya zama lokacin narkewar ƙanƙara. A ƙasar da mutum ya yi wata 4 a kulle cikin ɗaki yana cin cuku da nama, shawarar tana da ma'ana.

Ita ma gwamnatin Indiya ta rungumi haɗin. A Nuwamban 2014 ta kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da Ayurveda da yoga da sauran hanyoyin gargajiya. A ranar 11 ga Disamban wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikin a 2015. Daga nan abin ya cika wayoyin hannu, har ya iso tawa.

Kun ga tafiyar da shawarar ta yi: daga kwarin kogin Ganga, ta ratsa Maisur, ta sauka Amurka, aka juya ta zuwa Faransanci, ni kuma na juye ta cikin Hausa da kalma ɗaya da ba ta dace ba.

Abin da tsoffin suka riga suka faɗa

Da na koma ga tsoffin littattafan, na tarar sun fi masu tallarsu na yau taka-tsantsan. A cikinsu akwai lissafin lokuta iri 2. Ɗaya yana da sanyi kashi biyu, ɗayan kuma ya cire Shishira ya sa Pravrit, farkon damina, ya zama ruwan sama ne ke da kashi biyu. Masu sharhi sun danganta bambancin da ƙasa: inda sanyi ya fi tsawo ga lissafinsu, inda ruwa ya fi yawa ga nasu. Sun kuma raba ƙasa kanta gida 3. Anupa ƙasa ce mai fadama da danshi, inda kapha ke rinjaye. Jangala busasshiya ce, mai ƙarancin ruwa da itatuwan ƙaya da iska mai ƙarfi, inda vata ke rinjaye. Sadharana tana tsakaninsu. Wanda ya karanta siffar jangala, ya leƙa hanyar Tanut ko ta Gure, ba ya buƙatar a gaya masa a wane gida muke.

Mu lokutanmu 4 ne: ɗari, bazara, damina da kaka. Bazararmu, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, 'yar'uwar Grishma ce. Idan akwai abin da ya yi kama da Vasanta a wurinmu, to 'yan makonnin nan ne na ƙarshen ɗari, daga cikin Fabrairu zuwa farkon Maris, lokacin da hazo ke janyewa, mura da tari suka cika gari, safiya na da sanyi-sanyi, rana kuma ba ta fara cizo ba. Gajeren lokaci ne, har ba mu ba shi suna na kansa ba.

Ba ina cewa a ɗauki lissafin kapha a matsayin ilimin asibiti ba ne. Likitancin zamani bai ginu a kansa ba, kuma murar ƙarshen ɗari ƙura da ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Magungunan da ake sayarwa da sunan Ayurveda ma suna buƙatar hattara. Wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2004 ya gwada irinsu 70 da aka saya a shagunan yankin Boston, ya samu dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. Akwai kuma ɓangaren addini, wanda masu saurarona suka tayar tun a ranar farko. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, ta Indonesiya kuma a 2009 ta hana wanda ya ƙunshi ibada da wuridin Hindu, ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Wannan fage na malamai ne, kuma duk wanda ya tambaye ni a kai wurinsu nake tura shi.

Abin da ya rage mini daga wannan bincike shi ne ginshiƙin da tsarin duka ya tsaya a kai, wanda iyayenmu ma suka sani: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manomi ba ya shuka don kalanda ta ce, sai ya ga ƙasa ta jiƙa. Kakata ba ta taɓa jin sunan Vagbhata ba, amma da ɗari takan dama mana kunu mai yaji da citta, da bazara kuma ta jiƙa tsamiya ta hana mu fita da tsakar rana.

Laraba ta uku bayan kuskuren, na karɓi minti 15 ɗin gaba ɗaya na gyara maganata. Na gaya wa jama'a cewa shawarar da na karanta ta wata ƙasa ce da wani lokaci, kuma fassarata ce ta ɓata ta. Na ce mai son motsa jiki a bazara ya yi shi bayan asuba kafin rana ta ɗaga, a inuwa, a hankali, ya sha ruwa sosai, ya tsaya da zarar ya fara haki ko ya ji kansa na sarawa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mace mai ciki su bar numfashin zugazugi, su nemi shawarar likita kafin su fara komai. Atisaye mai ƙarfi kuwa a ajiye shi sai ɗari.

Saurayin ya sake kira kafin mu rufe. Ya ce, "Malam, ai na riga ka. Tun da na fito asibiti na koma wa furata." Na ce masa ya kyauta, ya gaishe mini da mai furar.

Tun daga lokacin, duk rubutun lafiya da zan karanta wa jama'a sai na fara duba inda aka rubuta shi, da watan da ake magana a kai, da yadda sararin samaniya yake a can cikin wannan wata. Idan ban samu amsa ba, nakan ajiye shi in sa kiɗa.